Gaisuwar da na yi a kan citta

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kafanchan, ni da abokina da muke waƙa tare a coci. Musu ne ya fito da mu. Ya sayo wani keke mai tsada, mara nauyi kamar faranti, har da takalmansa masu maƙalewa a feda. Shi ya ce keke ne ke gudu, ni na ce ƙafa ce, don kullum a kan tsohon kekena nake zuwa makarantar da nake koyarwa. Muka yanke cewa wanda ya riga isa gidan surukinsa a wajen Kachia shi ke da gaskiya, ɗayan kuma zai miƙe a gaban mawaƙa ranar Lahadi ya ce an fi shi.

A shimfiɗaɗɗiyar kwalta ya bar ni kamar an dasa ni, raina ya ɓaci ƙwarai. Amma da muka fara hawan tudu, tumbin ofis ya tona masa asiri. Na tarar da shi a Zonkwa yana haki a gaban mai ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance kamar ƙwallon goriba, kunun da muka haɗa da shi ne ya cece mu.

Da ya huce ya ce cinyarsa ta ɗaure, mu yi musanya. Na karɓi keken da takalman, ya nuna mini yadda ake murɗa dunduniya a cire ƙafa. Na ce na ji, alhali hankalina yana kan hanya. Jama'a, keken nan daɗi! Gonaki suna wucewa, ƙamshin citta yana dukan hancina, ina waƙa ni kaɗai.

Na iso ƙauyen na hango surukin nasa, wani tsoho, zaune a ƙofar gida, an shanya citta a gabansa. A wajenmu ba a gaida babba daga kan keke. Na matse birki zan sauka in durƙusa, ƙafa ta ƙi fita. Haka na tafi a hankali, rijif, ni da keken a cikin citta.

Tsohon ya leƙo ya ce, "Kai, malam, wannan ladabi ya yi yawa. Kai da keken duka kun kwanta!"

Ana cikin kakkaɓe ni abokina ya iso a kan tsohon kekena, ya sauka cikin natsuwa ya durƙusa. Muka ci gwaten acca muna dariya har hawaye.

A mota muka dawo, musu kuma ya dawo sabo. Ya ce kekensa ne ya riga isa, na ce ƙafata ce ta kai shi. Abin da na gano shi ne keke mai kyau yana ƙara wa mai ƙarfi gudu, amma ba ya hau wa kowa tudu, ba ya kuma koya wa kowa sauka.

Ranar Lahadi mu biyu muka miƙe, ni ina ɗingishi.