Ranar da na karɓi littafin Baba

Jiya a unguwar Misfala, nan Makka, na wuce wani alhaji ɗan Iran yana shan shayi mai za'afaran, sai ƙamshin ya tuno mini da Baba, shekara huɗu ke nan da rasuwarsa.

Baba tela ne, amma ba abin da yake so kamar labarin yaƙin Yunanawa da Farisawa. Da idonsa ya yi rauni, ƙanwata ce ke karanta masa littafin labarin, na Larabci, bayan la'asar, don ita a Makka aka haife ta, Larabci a bakinta kamar ruwa. Ni a Kano na girma, nawa aikin kawo shayi ne.

Wata rana na ji suna ta ƙyalƙyala dariya kan sarkin Farisa da ya sa aka yi wa teku bulala don ya karya masa gada. Kishi ya turnuƙe ni, na ce, "Baba, kawo ni ma in karanta." Na karɓa, layi biyu na yi ina tuntuɓe, ya dafa hannuna ya ce, "Khalas, ya isa, 'yata, miƙa wa ƙanwarki. Ke shayinki ya fi daɗi."

Na san lallashi ne, amma har yau maganar tana sukata. Littafin yana gidanta a unguwar Kudai, takardunsa na ƙamshin turarensa, kuma na kasa roƙonta aro.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka. In mun haɗu a Aljanna, ka ajiye mini wuri dab da kai.