Dabarar Wanke Banɗaki da Ban Taɓa Gwadawa Ba

A lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu a Funtua. Maigidana yana harkar hatsi, yana sayen masara da waken suya a kasuwar Dandume ya loda wa motocin Kudu. Ba ni da aikin ofis, ba ni da shago, amma a unguwarmu an san ni da abu guda: na iya girki. A hannun kakata na tashi a Maska, ita ta koya mini tun ban kai tsawon turmi ba. Idan ana suna ko biki, ni ake kira in tsaya a kan ƙullun waina da tukunyar miyar taushe. Na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana cina, kuma na san akwai mata da yawa da suke yin irin abin da na yi ba su ɗauke shi laifi ba.

Wata ƙawata ce ta buɗe guruf na mata a waya, ta zuba matan Funtua da Malumfashi da Danja, ta ce mu riƙa koya wa juna girki da gyaran gida. Da farko abin da na sani kawai nake turawa. Na koya musu yadda ake kwaɓa funkaso ya tashi ba tare da ya yi tsami ba, da yadda ake zuba busasshen barkono a cikin wake don kada ƙwari su ci shi, da yadda toka da lemon tsami suke fitar da baƙin gindin tukunya. Mata suka yi ta gwadawa suna turo hotuna suna sa mini albarka. Ba a daɗe ba suka daina kiran sunana, sai Uwar Girki. Ba zan ɓoye muku ba, sunan ya yi mini daɗi ƙwarai. Ni da iyakata tsakar gida, sai ga matan da suka yi digiri suna jiran in yi magana. Da na idar da sallar asuba wayar nake fara ɗauka in ga wa ya yabe ni.

To, ilimin mutum ɗaya yana da iyaka. Bayan 'yan watanni abin da kakata ta koya mini ya ƙare, tambayoyi kuma ba su ƙare ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na shiga wasu gurufan ina kwaso abin da na gani, in sake masa kalmomi ya zama kamar daga bakina ya fito. Na lura idan na tura abu haka kawai ba a cika kula shi ba, amma idan na ƙara da cewa ni da kaina na gwada, nan da nan za a yi ta godiya. Sai ya zame mini ɗabi'a. Yawancin abubuwan da nake turawa ba su da illa, iyaka mace ta yi asarar fulawa da ƙwai. Akwai wadda ta ce ta bi yadda na faɗa kek ɗinta ya ƙi tashi, na ce mata matsalar daga murhunta ne. Ta ba ni haƙuri ma.

A cikin guruf ɗin akwai ɗiyar yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. A gidana ta zauna ta yi sakandare, ni na koya mata tuƙa tuwo, ni na yi tsaye a kan kayan ɗakinta da za ta auri wani malamin makaranta a Malumfashi. Ni na sa ta a guruf ɗin da hannuna. Yarinya ce mai tsafta har ta yi yawa, kuma duk abin da na faɗa ba ta tambayar dalili. A lokacin tana ɗauke da cikinta na fari, ya shiga wata na bakwai. Wata rana ta rubuto cewa ruwan rijiyar burtsatsen gidan da suke haya ya sa tayil ɗin banɗakinta ya yi ja, ta goge har hannunta ya yi ciwo ya ƙi fita, ga shi uwar mijinta za ta zo ta kwana biyu, tana jin kunya ta gan shi haka.

Na taɓa ganin wani saƙo a kan haka, sai na je na lalubo shi. Cewa aka yi a haɗa ruwan bilic, wanda ake faranta tufafi da shi, da ruwan wanke masai mai ƙarfin nan a bokiti ɗaya, a watsa, a rufe ƙofa da taga don kada ƙarfinsa ya fita, sannan a goge. Na gyara shi na tura, na ƙara da cewa haka nake yi wa nawa duk mako, shi ya sa yake ƙyalli. Wallahi ban taɓa yi ba. Garin sabulu da burushi kawai nake sa wa nawa. Ban tambayi kowa ba, ban ko karanta abin da aka rubuta a jikin robobin ba. Ta turo mini da godiya da addu'a, na ji daɗi, na ci gaba da harkokina.

Washegari da hantsi ina jefa ɗanwake, mijinta ya kira ni. Ya ce suna asibiti, an same ta a yashe a banɗaki ba ta iya numfashi. Maƙwabciyarta ce ta ji tari da bugun ƙofa ta katanga, ta shigo ta jawo ta waje, ita ma sai da idanunta suka yi ta zubar da ruwa. Tun kafin ya gama magana na san abin da ya faru. Na bar tukunyar a kan wuta na ce wa babbar 'yata ta ƙarasa, na zari hijabi na nufi tasha. Abin da na yi a cikin motar Malumfashi shi ne ya fi komai ba ni kunya har gobe. Ban san ko yarinyar tana da rai ba, ban san halin da cikin yake ba, amma sai na ciro waya na shiga guruf na goge saƙon. Kaina na fara tunawa kafin ita.

Na same ta an sa mata robar iska a hanci, idanunta sun kumbura sun yi jajir, ƙirjinta yana ɗagawa da ƙyar. Likitan ya yi mana bayani cewa haɗa waɗannan ruwa biyu yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu, kuma da ta ƙara jimawa a rufe da wani labarin ake yi. Ya tambaye ta wa ya koya mata. Ta ɗago ido ta kalle ni kaɗan, ta ce a waya ta gani, ba ta ƙara komai ba. Uwar mijinta da ta iso a lokacin ta yi ta Allah ya isa ga duk wanda ya rubuta wannan abu. Sai ta juyo wurina ta ce ni da na san kan girki da gyaran gida, in riƙa yi wa yaran nan faɗa su daina bin shirmen waya. Na sunkuyar da kai na ce to. Yayana kuma da ya zo daga Maska, godiya ya yi mini da na riga kowa zuwa.

Kwanaki kaɗan bayan haka naƙuda ta taso mata, lokaci bai yi ba. Ta haifi namiji ɗan mitsitsi, aka sa shi a kwalbar renon bakwaini, ba wanda yake iya cewa zai rayu. Ni na zauna jinya. Ina dama mata kunun kanwa, ina yi mata farfesu a gidan maƙwabciyar nan in kawo asibiti, dangin miji suna ta cewa samun gwaggo irina sai an tona. Duk yabon da aka yi mini sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na yi ta gaya wa kaina cewa tunda ita ta rufa mini asiri, kuma saƙon ya goge, gara in bar maganar ta mutu.

Wata rana da la'asar muka rage mu biyu a ɗakin. Ta dawo daga leƙa jaririn, ta zauna a bakin gado tana share hawaye. Na ɗauka tsoron rasa shi ne, sai na fara lallashinta. Ta girgiza kai ta ce, "Gwaggo, ni fa na kasa gane inda na yi kuskure. Ke kina yi duk mako ba abin da ya same ki. Ko na zuba ya yi yawa ne?" Ashe duk kwanakin nan ba rufa mini asiri take yi ba. Kanta take zargi. Ta yi shiru a gaban likita ne don kada a ɗora mini laifin da take ganin nata ne, ita ce ba ta iya bin bayani ba har ta kusa kashe ɗanta.

Ban san lokacin da na durƙusa a gabanta ba. Na gaya mata ban taɓa yi ba ko sau ɗaya, kwafowa na yi daga wani wuri, kuma na goge shi a hanya kafin in iso. Ta kalle ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "To Gwaggo, me ya sa kika ce kin gwada?" Amsar ita ce ina son a yabe ni, amma ba a faɗar wannan a gaban uwar da ɗanta yake kwalba. Daga baya ta ce ba ta neman komai a wurina sai abu ɗaya, in koma guruf in faɗi gaskiya, don ta san akwai waɗanda suka adana saƙon kafin in goge.

A ranar na yi saƙon murya na faɗi komai. Wasu suka zage ni, wasu suka fita, wasu suka ce ai kuskure ne kowa yana yi. Wadda ta fi tayar mini da hankali wata ce daga Danja, ta ce ita ma ta gwada haɗin bilic ɗin, ta fito da gudu tana tari, amma ta yi shiru don ta ɗauka ita ce ba ta iya ba. Wata kuma ta ce ta riga ta tura wancan saƙon na farko guruf ɗin danginsu. Har yau ban san iya inda ya kai ba, da kalmomina a jikinsa. Yayana bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi da na ce mata ban sani ba, da ta tambayi wani. Uwar mijin kuwa da ƙafata na je na same ta na ce ni ce wadda ta yi wa Allah ya isa. Ta ce ta yafe, amma tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Allah ya raya yaron, yanzu har yana gudu a tsakar gida. Uwarsa ce ba ta koma daidai ba. Ba ta iya tsayawa kan hayaƙin itace ko suyar mai, nan take tari zai sarƙe ta. Da tana da burin yin cincin da dubulan na sayarwa, dole ta haƙura. Ta yafe mini, tana zuwa gidana, tana kirana Gwaggo kamar da. Amma idan ana hidima na gan ta zaune can nesa da murhu tana gyaran kayan miya, sauran mata suna kan tukunya, ba na iya haɗa ido da ita.

Abin da na koya shi ne maganar girki da gyaran gida ba wasa ba ce, a cikin jikin mutane take ƙarewa. 'Yan'uwana mata, kada ku haɗa bilic da kowane irin ruwan wanki, kada ku rufe kanku a banɗaki da su, balle mai ciki. Abin da ba ki yi da hannunki ba kada ki ce kin yi, kuma kada ki tura shi don kawai an turo miki. Wadda za ta fi saurin bin maganarki ita ce wadda ta fi yarda da ke, ita ce kuma za ta fara cutuwa. Kwanan baya wata amarya ta tare ni a gidan suna ta tambaye ni abin da ke fitar da tabon manja a farin yadi, na ce mata ban sani ba. Ta yi dariya ta ce rowa nake yi mata. Na bar ta a haka, gara ta tafi tana ce mini marowaciya.