Fuskar Gara

Yayana mai yankan takarda ne a wata maɗaba'a, tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ƙare. Ba kyakkyawa ba ne. Dogo ne siriri, kumatu a lotse, hancinsa a karkace tun wata faɗowa da ya yi daga kan katanga muna yara. Amma mutum ne mai sanyin hali, ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira maƙwabci.

A saman benen maɗaba'ar akwai wani ɗaki mai warin tawada inda Mai Zane yake aiki. Shi ya ƙirƙiro Garkuwa, jarumin wata mujallar zane da ake bugawa duk wata: ƙato mai faɗin ƙirji, da mayafi mai launin tutar ƙasa, harsashi ba ya huda shi. Sai dai Mai Zane ba ya iya zana fuska daga ka, sai ya ga mutum zaune a gabansa. Da aka zo neman mugun da jarumin zai riƙa duka, ya leƙo ta taga ya hango Yaya a tsakar gida.

"Kai, mai wuƙa! Hawo ka ara mini wannan mummunar fuskar taka."

"Mummuna? Da ita na auri wadda ta ƙi ka," in ji Yaya. Ma'aikata suka kwashe da dariya, ya hau.

Haka aka haifi Gara, mugun da ke cin ƙasa ta ciki. Da farko ɓarnarsa ba ta wuce satar kwan fitilun titi da zuba ruwa a man fetur ba. Yaya yakan kawo mujallar gida, ya nuna wa matarsa inda aka jefa shi cikin kwata, su yi ta dariya.

Sai yaƙi ya ɓarke a kan iyaka. Hukuma ta karɓi Garkuwa, ana raba shi kyauta a makarantu da bariki. Gara ya daina satar fitila, ya koma sayar wa abokan gaba sirrin sojoji da zuba guba a rijiya. Aka manna fuskarsa a bangon tasha da na kasuwa, an rubuta "Ka san shi?" a ƙasa.

Mutane kuwa sun san shi. Mai kayan miya ya daina amsa gaisuwar Yaya. A motar haya sai a bar masa kujera shi kaɗai. Wata mata da aka kashe ɗanta a fagen daga ta tofa masa yawu a gaban masu sayar da gawayi. Matarsa ta koma shanya a cikin ɗaki saboda jifa.

Ni na matsa masa ya je ya yi wa Manajan maɗaba'ar magana, na kuma bi shi don na san shi kaɗai ba zai buɗe baki ba.

"Ranka ya daɗe, a canza fuskar nan," Yaya ya ce wa Manaja. "Ko a kashe shi kowa ya huta."

"A kashe Gara? To Garkuwa ya daki wa, ni?"

Na ce, "Yallaɓai, jifansa ake yi a titi."

"Baiwar Allah, zane ne fa. Wane mai hankali ne zai jefi mutum saboda zane?"

Mai Zane yana gefe yana fiƙe fensir, bai ɗago ba.

Yaya ya tara gemu ko ya ɓace wa mutane, amma hancin yana nan. Wata ranar kasuwa labari ya zo cewa sojojinmu sun rasa wani gari. Yana dawowa daga aiki matasa suka tare shi a bakin gada. Babu wanda ya tambayi sunansa. Aka fasa masa idon hagu da dutse.

Mai Zane ya zo asibiti da lemo a leda. Ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana duban Yaya, har da matsowa kusa. Na ɗauka kunya ce ta kama shi. Har rakiya na yi masa zuwa ƙofa.

Da Yaya ya warke ya koma aiki, don babu wata sana'ar da ya iya. Tarin farko da aka ajiye masa a ƙarƙashin wuƙar yankan takarda sabuwar fitowar mujallar ce. A bangon mujallar ga Garkuwa ya shaƙe Gara, ga Gara da gemu, da baƙin ƙyalle ɗaure a idon hagu.

Ma'aikatan sun ce ya tsaya yana kallo, sannan ya daidaita takardun ya sauke wuƙar. Yankan ya fita daidai.

Daga ranar bai ƙara fita da fuska a buɗe ba. Yakan naɗe kansa da tawul ya bi ta lungun bayan makera, ko ana zafi. Yaƙin ya ƙare, Mai Zane ya mutu, sababbin masu zane suka ci gaba da kwafar fuskar daga tsofaffin fitowa. Yaya ya tsufa a ɗakin baya, taga a rufe. A can ya rasu.