Kurar Gidan Dabbobin Hanyar Jiratawa

Jama'a, ni da ban gudu ba shekarar yunwa, yau na gudu!

Kun aike ni in duba sabon gidan dabbobin nan na hanyar Jiratawa, ko ya isa mu kai iyali ran Sallah maimakon Kano ko Yamai. Na hau kabu-kabu na je. Shiga da arha, amma babu zaki, babu giwa. Birai ne da jimina, sai kura ɗaya kwance a lungu.

Na ce wa mai gadi, "Ɗana, wannan ce duka?"

Kurar na jin muryata ta miƙe! Ta tako har bakin ƙarfe ta zuba mini ido. Kunnenta na hagu a yage yake, ga huda a saman yagewar.

Kun tuna Tabawa, maƙwabciyata ta Tsibiri da ta ɓace bara? Ɗan kunne ya taɓa yage mata kunnen hagu. Ni na sake huda mata a sama, da allurata.

Na ce a hankali, "Tabawa?"

Ta sunkuyar da kai!

Mai gadi ya ce, "Inna, ke ma kin san ta? Duk Juma'a wani tsoho mai ido ɗaya yana zuwa ya jefa mata goro. Kuma tana ci."

Mijin Tabawa ido ɗaya gare shi.

Na bar takalmina can. Mu biya kuɗin mota mu tafi Kano. 'Yar Tabawa na cikin masu tafiya, kada wanda ya kai ta wurin nan.