Muryar Inna a Hannun Mai Tukwane

Uke zuwa Nyanya

Ina idar da sallar Asuba na tare motar Abuja, hannuna dafe da aljihun gaba. Wayata ta cika maƙil, ko hoto ba ta karɓa, kuma duk saƙonnin muryar da Inna ta turo min kafin ta rasu suna ciki. Masu gyara a Uke magana ɗaya suka iya: "A share komai." Allah ya sawwaƙe! Sai wani da nake wa ɗinki ya ce akwai masu kwamfuta da ke haɗuwa ranar Asabar a Wuse, suna raba wa juna manhajoji kyauta.

Cunkoson Mararraba ya riƙe mu har rana ta ɗaga. A shingen Nyanya jami'i ya leƙo. "Oga, me ka riƙe a ƙirji haka?" Na ce, "Uwata ce, ranka ya daɗe." Ya kalle ni, ya kalli direba, ya ce mu wuce.

Wuse

Sau biyu ɗan tasi ya sauke ni a ginin da ba shi ba, don gine-ginen Wuse duk kamarsu ɗaya. Da na sami ɗakin, Turanci ake ta zubawa, ni kuwa sai gyaɗa kai.

Ashe al'adarsu ce, baƙo ba ya fita sai kowa ya tura masa manhaja ɗaya. Kafin in buɗe baki wayar ta bar hannuna. Wannan ya sa ta lokutan sallah, wancan ta hasashen ruwan sama, wani ta neman hanya. Na ce, "Jama'a, cika ta yi fa!" Mai jan taron ya ce, "Ba matsala, Alhaji, akwai ta shara." Shara! Na yunƙura zan karɓo wayata.

Wata Bagwariya da ke gefena, mai sayar da tukwanen garin Ushafa ta waya, ta fizge wayar. "Baba, wane abu kana tsoro?" Na gaya mata. Ta ajiye wayar kusa da tata, ta yi 'yan latse-latse, ta karɓi lambata, ta miƙa musu. Wallahi ban gane abin da ta yi ba, kunya kuma ta hana ni tambaya. Ana tashi ta ruga neman motar Bwari.

Komawa

Sai a Masaka na yi ƙarfin halin dubawa. Waya ta yi sauri kamar sabuwa, manhajoji reras, muryar Inna babu ko ɗaya. Na yi kuka a motar haya, da gemuna. Direba ya ce ko an yi min sata ne.

Na iso gida ana kiran Magariba, matata ta ajiye tuwo na ture shi. Can wayar ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Baƙuwar lamba ce, saƙonnin Inna suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe muryar mai tukwane ce: "Baba, yi haƙuri, na saurari guda ɗaya. Mama ya ce ka ci abinci. Ka ci?"

Ko sunanta ban tambaya ba. Allah ya saka mata da alheri, ya jiƙan Inna. Na jawo kwanon tuwon nan, na wanke hannu.