Ranar da Baffa Ya Sauke Harawar Jar Akuya

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta zubar da ruwan jiƙon gero a kwata, wanda ya kwana har ya yi tsami. Warin na shigowa ta taga na ajiye tsintsiya, raina ya ɓaci kamar an zage ni. Ita ba ta yi mini komai ba, baiwar Allah. Warin ne na sani tun ina yarinya, a wani ƙauye da ke kan hanyar Tambuwal zuwa Kebbe, kuma ba a kwata na fara jin sa ba. A cikin tumbin akuya na ji shi.

Innarmu ta rasu ba ta ko gama wankan jego ba, ta bar mana jariri namiji. Babanmu ya yi zaman makoki, ya koma cirani, don rumbu ba ya jiran mai kuka. Aka bar ni da Kaka, uwar babanmu, da ƙanen babanmu da muke kira Baffa, wanda sashensa ke bayan namu. Ni ce mai goyo. Mai shayarwa kuwa jar akuyar Kaka ce, wadda ta haihu a kan gaɓa ɗan ya mutu. Kullum safe da yamma Kaka za ta tatsa, ta tafasa, ta sirka, ta ɗura wa yaron da ɗan cokali. Da nonon nan ƙanena ya yi kumatu, har ya fara dariya in na yi masa tafi. Ba shi da wani abinci a duniya sai shi.

Kaka ba ta wasa da cikin akuyar nan. Tun lokacin girbi ta tara harawar wake, ta ɗaure dami-dami, ta jibge a kan rumfa inda rana ba ta cin korenta. Da safe harawa ce farko. Sai akuya ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa, sannan a ba ta dusa, ita ma tafin hannu biyu, ba ƙari. In na ce a daɗa mata don nono ya yi yawa, sai ta harare ni.

"Ke, cikin akuya ba irin naki ba ne," in ji ta. "Dusa tana kawo nono, amma harawa ka riƙe cikin. In ba ta samu abin tuƙa ba, cikin yana tsami."

Ta koya mini in duba muƙamuƙi. Akuya mai lafiya, in ta kwanta a inuwa, za ka ga ta dawo da abin da ta haɗiye tana tuƙa a hankali, ido a lumshe, yawu na sauka yana sanyaya mata ciki. Wani lokaci Kaka takan kifa kunne a kuiɓin hagu ta saurari motsin tumbi. Ranar da harawa ta wadata, nonon yakan yi maiƙo a saman tukunya. Ranar da dusa ta yi yawa, sai ya zo tsararo.

To, a shekarar ne Baffa ya shiga kiwon raguna biyu, yana harin kasuwar Tambuwal kafin babbar salla. Shi bai tara harawa ba. Lokacin da mutane ke ɗaurin dami yana bakin kasuwa yana ba da labari. Da bazara ta kama, ƙasa ta yi fari fat, sai idonsa ya sauka kan rumfar Kaka. Yau ya zare dami ɗaya, jibi biyu. Kaka ta yi faɗa har muryarta ta dushe, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce ai duk gida ɗaya ne. Gida ɗaya! Ragunansa na tumbatsa, ni ina yawo da goyo a ƙarƙashin gawo ina tsintar 'ya'yansa don in cike wa akuya gurbi.

Ran nan aka aiko an yi rasuwa a dangin Kaka a Kebbe. Ta hau bayan babur ba da son ranta ba, ta ce gobe za ta dawo, ta ja mini kunne a kan awon dusa. Ƙurar babur ba ta kwanta ba Baffa ya kafa tsani ya sauke sauran harawar kaf. Na tsaya a gabansa ina kuka, na ce me akuya za ta ci. Sai ya shiga ɗaki ya fito da ƙwarya cike da gero, ya haɗa da dusa, ya dire mata.

"Kaka ta hana," na ce. "Ta ce shina kashe ta."

"Ji min ɗiyar ga! Gero na ba ta, abincin mutane. Wa yat taɓa mutuwa don ya ci gero? In tsohuwa ta dawo ki hwaɗa mata ban ci haƙƙin kowa ba."

Na kai hannu zan janye ƙwaryar, ya buge mini hannu, ya tsaya a kai har akuyar ta lashe ta tas. Dabbar da ta kwana biyu ba ta ƙoshi ba, me za ta bari? Shi a ransa ma alheri ya yi. Wallahi wannan ne ya fi ƙona mini rai har yau.

Washegari akuya ba ta tashi ba. Muƙamuƙi tsit, babu tuƙa. Kuiɓin hagu ya kumbura, in ka taɓa sai ka ji ruwa na kaɗawa. Tana cizon haƙora, zawo na bin ƙafafunta, mai tsami. Na tatsa, abin da ya fito bai rufe gindin kofi ba. Kaka ta iso da azahar, ko mayafi ba ta cire ba ta jiƙa kanwa ta ɗura mata, ta bi da man gyaɗa, ta aika a roƙo harawa a maƙwabta. An kawo, an sa mata a baki, ko shinshinawa ba ta yi ba.

Da la'asar ta fara shure-shure. Nan fa Baffa ya nuna zafin nama. Mutumin da bai iya ɗaure dami ɗaya ba, sai ga shi a guje da wuƙa kada ta zama mushe, yana ta gargaɗin a yi fiɗa a hankali kar a huda fata. Da aka farke tumbin, geron na nan ya dame kamar kunu, warin ya kore mu daga tsakar gida. Aka raba nama. Ni da Kaka ba mu ci ba.

Ina za a samu nono a tsakiyar bazara? Fulanin da ke sauka kusa da mu sun yi kudu da shanunsu. Awakin unguwa duk sun ƙafe. Wata mai jego ta taimaka kwana kaɗan, nata ɗan ma bai ƙoshi ba. Muka koma kunu, cikin yaro bai karɓa ba. Kumatun nan suka zube a kan idona, goyon ya riƙa yi mini sauƙi a baya kullum, har ran da na kwance zani Kaka ta karɓe shi ba ta mayar mini ba. Ragunan Baffa kuwa sun yi kasuwa. Da babanmu ya dawo aka ce masa kwanan yaro ne ya ƙare. Na san da haka, ni ma musulma ce. Amma na ga hannun da ya dire ƙwaryar.

Yanzu ina aure a Tambuwal, ina da awaki uku a bayan ɗaki. Zamani ya canza. Harawa ta zama kayan sayarwa a bakin titi, rumfunan ƙauye sun zama fayau, samari na sayen abincin dabba a buhu suna ɗura wa akuya don ta yi saurin cika ido. In ta kumbura su ce iska ce ko annoba. Ba mai zama ya dubi bakinta. Nakan yi magana, su ce Hajiya ta cika faɗa. Eh, na cika.

Bara Baffa ya rasu, da tsufansa, a kan katifarsa. Muna zaune a cikin gida kafin a fita da shi, wata dattijuwa ta ɗaga murya ta ce, "Jama'a, ku yafe mishi." Mata suka amsa baki ɗaya, mun yafe, mun yafe. Ta juyo ta dube ni, don ni ce babba a 'ya'yan gidan. Na ce Allah ya jiƙansa. Ta ci gaba da kallona tana jiran sauran, ni kuwa na sunkuyar da kai har aka ɗauki makara.