Ledar da Aka Ciro Daga Cikin Jar Akuya

Har yau idan na ji ƙarar leda tana kaɗawa a jikin reshe, kakata nake tunawa, ta wajen uba. A gidanta na tashi a Illela, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya ƙi jinin zubar da abu kamarta ba. Mu jikoki har tsokanarta muke yi, mu ce ko tari ta yi sai ta nema masa amfani.

Ita da jujin gida take auna mutane. Takan ce idan kana son sanin nauyin da mutum ya ɗora wa ƙasa, kada ka dubi rigarsa, zaga bayan gidansa. Namu jujin kuwa abin alfaharinta ne. Idan aka surfa gero, dusa da ƙasari na awaki ne. Kashin awakin da tokar murhu su tafi juji. Ruwan alwala ma gindin zogale yake gangarawa. Da bazara, kafin ruwan farko, sai jakuna su zo da mangala su kwashe jujin kaf zuwa gonarmu ta hanyar Kalmalo, lokacin girbi ya dawo mana a damman gero.

Sai kasuwa ta buɗe wa babana. Yana shiga Ƙonni yana fitowa da kaya, komai kuma a leda: sukari, shinkafa, har gishiri. Mu dai daɗi kashe mu, an huta da ɗaukar ƙwarya. Ranar da na kawo mata ƙosai a baƙar leda, ta riƙe ta da yatsa biyu.

"Angona, mi na na wanga? Ana cinta?"

Na ce a'a.

"Tana ruɓewa?"

Na ce oho. Ta juye ƙosan a akushi, ta ce in maida wa mai ita abarta.

Tana da wata jar akuya da take ji da ita, jinin wadda mahaifiyarta ta ba ta tun tana yarinya. Akuyar ta haifi 'yar mace guda ke nan, sai ta fara ƙin cin abinci. Ciki ya kumbura, ƙashin baya ya fito, nono ya ƙafe. Kaka ta ba ta kanwa, ta jiƙa mata saiwoyi, duk a banza. Wallahi na ga tsohuwar nan tana tauna dusa da bakinta tana tura mata. Daga ƙarshe aka kira wani Bafillatani makiyayi daga wajen Araba. Ya durƙusa ya matsa cikin, ya girgiza kai.

"Inna, leda ta. Ku sa wuƙa kada ta zama mushe."

Da mahauci ya farke tumbin, sai ga wani dunƙule kamar kan jariri, ya murɗe ya yi tauri. Kowa ya kau da kai, ban da ita. Ta sa aka kawo ruwa, ta zauna tsakar gida ta warware shi ɗaya bayan ɗaya, ta wanke, ta shanya a igiya. Sannan ta kira kowa, har babana da ke shirin fita kasuwa.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Nunawa kawai take yi. Ga mai ratsin shuɗi ta sukarin babana. Ga fara ta man shafawar matan gida. Ga baƙaƙe na ƙosai da awara, namu na yara. Kowa ya ga tasa.

Ta ce, "Ban san gidanmu ya yi nauyi hakanga ba."

Babana, mutumin da ko jami'an iyaka ba sa ɗaga masa hankali, ya sunkuyar da kai. Ranar nan, da buhu a hannu ya tafi kasuwa. 'Yar akuyar kuwa kaka ta raine ta da madarar da matar makiyayin ke kawowa, tana ɗiga mata da tsumma, har ta rayu.

Kwanan baya 'yata ta zo da wani abu a waya, wai yana auna nauyin da mutum ke ɗora wa duniya. Tana ta yi mini tambayoyi: mota, janareta, nama, ruwan leda. Na amsa, abin ya yi lissafinsa, ta yi dariya ta ce, "Baba, ka yi nauyi fa!"

Da na je gida hutun Sallah, na zaga bayan gidan. Ba jakin da ke zuwa yanzu, don manoma sun ce takin duk leda ne. Na tarar da wata jar akuya a kan jujin, jinin waccan, tana jan wata baƙar leda da baki. Da girmana da babbar rigata na bi ta da gudu, yara suna ta dariya, na ƙwace.